Yadda ake haɗa sandunan gyaɗa da ots masu cakulan a gida

Duk wanda ya taɓa haɗa ots, wato wani hatsi mai kama da alkama, da gyaɗa da zuma domin ya samu abin taɓawa tsakanin karin kumallo da abincin rana ya san cewa ɗanɗano ba ya ba da wahala, domin gasasshiyar gyaɗa da zuma da cakulan suna da daɗi ko ta yaya aka haɗa su. Wahalar tana bayyana ne a lokacin yanka, sa'ad da aka ɗora wuƙa sai haɗin ya wargaje ya koma burbushi wanda sai da cokali za a ci, ko kuma ya yi taurin da haƙori ba zai iya da shi ba. Abubuwa uku ne ke jawo hakan: rashin daidaito tsakanin busassun kaya da abin da ke manne su, daɗewar zuma a kan wuta, da kuma kasala wajen danne haɗin a cikin faranti. Wannan haɗi ba a gasa shi bayan an cakuɗa, sanyi ne ke kama shi, saboda haka kuskuren da aka yi a waɗannan wurare uku ba shi da inda zai gyaru daga baya.

Ga faranti mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa ya kai santimita 20, ana buƙatar ots giram 200, da gyaɗa giram 120, da markaɗen gyaɗa mai laushi giram 130, da zuma giram 110, da man shanu ko man kwakwa giram 30, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai cakulan giram 120 da za a shafa a sama. Wanda ke son ƙamshin banila zai iya ƙara ƙaramin cokali ɗaya. Awo da sikeli ya fi awo da kofi tabbas, domin kofi ɗaya na ots yana iya bambanta da wani gwargwadon yadda aka cika shi, amma wanda ba shi da sikeli zai iya ɗaukar ots kofi biyu da ɗan ɗori, da zuma kashi ɗaya cikin uku na kofi, da markaɗen gyaɗa rabin kofi. Wannan adadi yana ba da sanduna 12 matsakaita.

Irin ots ɗin da aka zaɓa yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya dace shi ne wanda aka turara aka lallatse shi ya zama fale-fale, saboda yana riƙe siffarsa kuma yana da daɗin tauna. Akwai wanda aka farfasa ƙwayarsa da ƙarfe ba tare da an lallatse ba, wannan sai an dafa shi, kuma idan aka sa shi a nan zai zama kamar tsakuwa a baki. Akwai kuma mai saurin dahuwa wanda ya kusa zama gari, shi yana shanye zuma da yawa har sandar ta yi nauyi. Ni dai abin da na fi so shi ne in ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na mai fale-falen in ɓarza shi kaɗan, domin ƙananan gutsattsarin su cike ramukan da ke tsakanin manyan, haɗin ya fi kama jikinsa.

Gyaɗa kuwa a tsince ta da kyau kafin komai. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko take da alamar funfuna, a fitar da ita a zubar, domin akwai wani nau'in funfuna da ke kama gyaɗar da aka ajiye cikin danshi, yana haifar da guba mai suna aflatoksin wadda ke illata hanta, kuma zafin gashi ba ya kashe ta gaba ɗaya. Bayan tsinta, a baza gyaɗar a farantin gashi a sa a tanda mai zafin digiri 175 a ma’aunin Salsiyas na tsawon minti 15 zuwa 20, ana juyawa sau ɗaya ko biyu. A sauke ta tun launinta bai kai inda ake so ba, saboda kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kuma zafin da man ya riƙe yana ci gaba da gasa ta bayan an fitar. Idan ta huce a murje jan bawon a sheƙe, sannan a ɓarza ta, kowace ƙwaya ta rabu gida uku ko huɗu. Gyaɗa ɗungurungum tana da kyau a ido, amma ita ce ke sa sanda ta tsage a wurin yanka.

Shi ma ots ɗin a gasa shi a wannan zafin na minti 10 zuwa 12, har ya fara ƙamshi ya ɗan yi launin ƙasa. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, kuma ba laifi ba ne ga lafiya tunda an riga an turara shi tun daga masana'anta, sai dai ɗanyen ots ba shi da wani ɗanɗano a baki. Wanda ba shi da tanda zai iya soya duka biyun a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, kowanne daban, yana juyawa ba tsayawa.

Idan ba a samu markaɗen gyaɗa na kwalba ba, ana iya ƙara yawan gyaɗar da za a gasa a niƙa wani kaso da injin markaɗe tun tana da ɗumi. Da farko za ta zama gari, daga nan ta dunƙule, sannan man ya fito ta yi laushi, kuma kada a ƙara ruwa ko kaɗan domin a gaggauta ta. Na kwalba kuma, idan mai ya taso sama, a juya shi sosai kafin a auna, in ba haka ba za a ɗebi mai zalla a sama ko busasshen ƙasa, kuma dukansu biyu suna ɓata lissafi.

Yanzu sai abin mannewa, wanda shi ne zuciyar aikin. A zuba zuma da man shanu a ƙaramar tukunya a kan wuta matsakaiciya, a bari har ƙananan kumfa su fara tasowa a gefe su kai tsakiya, daga nan a ƙirga minti ɗaya kacal a sauke. Dalilin wannan tafasa shi ne zuma tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 17 cikin ɗari, kuma idan aka rage wani abu daga cikinsa, sai ta ƙara danƙo ta riƙe ots ɗin bayan ta huce. Amma kowane minti da aka ƙara yana matsar da ita zuwa ga alewa mai tauri, shi ya sa wanda ya bar ta minti huɗu ko biyar yake samun sandar da sai an fasa ta. Bayan an sauke ne za a zuba markaɗen gyaɗa da gishiri da banila, a juya har su zama abu ɗaya mai sheƙi. Ba a sa markaɗen gyaɗa tun tukunya tana kan wuta, domin yana saurin kamawa a ƙasa ya yi ƙauri. Gishirin nan kuma kada a raina shi, shi ne ke hana zaƙin ya gundure mutum.

A juye wannan haɗi tun yana da zafi a kan ots da ɓarzajjiyar gyaɗa a cikin babban kwano, a cakuɗa da muciya ko babban cokali har ya zamana babu wani ɓangare da ya rage a bushe. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi a nan: a ɗebi kaɗan a dunƙule a tafin hannu, idan ya tsaya a dunƙule to ya yi, idan ya watse a ƙara babban cokali ɗaya na zuma mai ɗumi, idan kuma ya yi caɓa-caɓa yana bin yatsu a ƙara ots kaɗan.

A shimfiɗa takardar gashi a farantin, a bar gefenta ya zarce bakinsa domin a samu abin kamawa wajen ɗagowa. A zuba haɗin a baza shi, a ɗora wata takardar a sama, sannan a danna da gindin kofi mai faɗi da iyakar ƙarfin hannu, ana bi daga tsakiya zuwa gefe, ana kula da kusurwoyi domin su ne ke fara zubewa. Minti biyu cikakku ana dannawa ba su yi yawa ba. Abin da ake nema shi ne a fitar da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin, kowace ta manne da ’yar’uwarta, kaurin ya tsaya kusan santimita ɗaya da rabi. Daga nan a sa a firji na minti 20 kafin a zo ga cakulan.

Cakulan mai duhu, wanda koko ya kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a cikinsa, ya fi dacewa da wannan haɗi mai zuma, duk da cewa yara sukan fi son mai madara. A yayyanka shi ƙanana a sa a busasshen kwano, a ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwa mai zafi wanda ba ya tafasa sosai, kuma kada gindin kwanon ya taɓa ruwan. Kitsen koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, saboda haka cakulan ba ya buƙatar wuta mai yawa, kuma idan ya wuce digiri 50 yakan fara lalacewa. Babban abokin gabarsa shi ne ruwa: ɗigo kaɗan ko tururin da ya koma cikin kwanon yana jiƙa sukarin da ke ciki ya dunƙule, nan take cakulan ya koma cuku-cuku mai tsaki-tsaki. A sauke shi tun da sauran ’yan gutsattsari, a ci gaba da juyawa su narke da zafin sauran. Idan aka ƙara ƙaramin cokali ɗaya na man kwakwa, shafin zai yi laushin da ba zai farfashe ba a ƙarƙashin wuƙa.

A zuba cakulan a kan haɗin, a karkata farantin ko a baza da bayan cokali, a mayar firji na awa biyu aƙalla. Kafin yanka, a ɗago shi da takardar a ajiye a kan katako na minti 10 domin sanyin ya ɗan sake shi. A tsoma doguwar wuƙa a ruwan zafi, a goge ta ta bushe, a danna ta ƙasa kai tsaye ba tare da an yi ta gurzawa ba, ana goge ta bayan kowane yanka.

A cikin mazubi mai murfi da takarda tsakanin jeri da jeri, sandunan suna kai mako biyu a firji, a firiza kuma wata uku. A wuri mai zafi cakulan zai yi laushi ya ɓata hannu, don haka wanda zai tafi da su aiki ko makaranta zai fi jin daɗi idan ya rage shafin zuwa ’yan zane-zane sirara. Wani lokaci za a ga farin tabo ya fito a saman cakulan, wannan kitsen koko ne ko sukari da ya taso saboda sauyin zafi da sanyi, ba ruɓa ba ce, kuma ana iya ci. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba duk abin da ke da zuma, ƙananan yara ’yan ƙasa da shekara biyar kuma ɓarzajjiyar gyaɗa tana iya shaƙe su, sai dai a niƙa musu ita. Tun da gyaɗa tana cikin abincin da ke tayar wa wasu mutane rashin lafiya mai tsanani ko da kaɗan suka ci, a sanar da duk wanda za a miƙa wa abin da ke ciki, kuma idan akwai mai irin wannan lalura a gidan, ana iya maye gurbin gyaɗar da markaɗenta da ’ya’yan kabewa gasassu a kan awo ɗaya.