Matakan Ba Na'urar Auna Gas Wuta da Haɗa Ta da Ƙasa a Ramin Ma'adinai

Da farko, a yi wa batirin na'urar hannu caji a wajen rami, da cajar da kamfanin na'urar ya tanada. Kada a kuskura a cire batiri ko a sauya shi a cikin rami, domin iskar methane tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar da ke wurin, kuma ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita.

Na biyu, a kunna na'urar kafin a sauka, a tabbata iskar oksijin ta nuna kashi 20.9, sannan a gwada ƙararrawarta da gas ɗin gwaji.

Mataki na uku ya shafi na'urar da ake girkewa a jona da wutar ramin, ba ta hannu ba. A kashe wuta, a kankare tsatsa da fenti daga wurin ɗaura waya a jikin akwatin na'urar har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗaure wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa, da noti tam. Rigar ƙarfen da ta lulluɓe wayar da ke kai saƙon awo kuwa, gefe ɗaya kaɗai ake haɗawa da ƙasa, in ba haka ba wuta za ta riƙa zagayawa ta dagula awon. Nan ne masu gaggawa suka fi yin kuskure.

Kafin a maido da wuta, ma'aikacin lantarki mai izini ya auna haɗin da mitar gwajin lantarki.