Yadda na gyara allon motata mai lantarki bayan sabunta manhaja

Tun da motar ta sauke sabuwar manhaja, allon taɓawa na gaban direba ya yi nauyi. In na taɓa taswira sai ta daskare. Kyamarar baya ma ba ta fitowa da wuri, kuma wannan ya fi damuna, domin hatsari ne.

Na goge allon, na ɓare ledar kariyarsa, na cire wayata daga Bluetooth na sake haɗa ta. Babu abin da ya canza.

Ashe filashin USB da kyamarorin motar ke ajiye bidiyo a ciki ne ya cika, wasu fayiloli kuma sun lalace, manhajar tana ta fama da karanta su. Na sa giya a P, wato fakin, na zare filashin, na kwashe bidiyon zuwa kwamfuta, na yi wa filashin fomat, wato na goge komai da ke cikinsa, a tsarin ajiye fayiloli na exFAT. Daga nan na danne maɓallan sitiyari biyu a tare har allon ya mutu ya tashi da kansa. Sai da taswira ta gama buɗewa sannan na mayar da filashin.

Alhamdulillah, hankalina ya kwanta. Yanzu allon ya fi na kafin sabuntawar sauri, kyamarar baya kuma tana fitowa da zarar na sa ribas.