Yadda Ake Ɗaga Wanda Ya Yi Hatsarin Mota Ba Tare da An Ƙara Masa Rauni Ba

Idan hatsari ya auku a manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya ko ta Kaduna zuwa Abuja, jama'ar da ke kusa su ne ke fara isa wurin, kuma abin da aka saba gani shi ne wasu su kama hannuwan wanda ya ji rauni, wasu su kama ƙafafunsa, a nufi mota da shi kansa yana reto. Niyyar taimako ce, amma idan akwai karaya a ƙashin wuya ko na baya, wannan ɗauka kaɗai tana iya taɓa lakar da ke cikin ƙashin, jikin mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa.

Abu na farko shi ne a tsayar da motoci daga nesa, a kashe injin motar da ta yi hatsarin, sannan a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lambar 122, ko lambar gaggawa ta 112. Matuƙar babu wuta, ko malalar fetur, ko wani haɗari da ke tafe, barin mutum a inda yake har ma'aikata su iso ya fi alheri. A duba numfashinsa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kuma kada a ba shi ruwa ko abinci komai roƙonsa, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata na jiransa.

Duk wanda ya suma, ko ya faɗo daga babur, ko yake kukan ciwon wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a ɗauka ƙashin bayansa ya taɓu. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe shi da tafukan hannu biyu ta gefe da gefe, ya riƙe shi cak, ba ja, ba juyawa. Wannan mutumin shi ne jagora, kuma ba zai saki kan ba sai an gama ɗaurewa. Hular kwano a bar ta a kai, sai idan tana hana numfashi. Hannu ko ƙafar da ta karye kuwa, a tallafe ta da katako ko kwali mai kauri a yadda aka same ta, kada a yi yunƙurin miƙe ta.

Idan ɗauka ta zama dole, a nemo abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, domin tabarma da zani suna lanƙwasawa a tsakiya. Mutum uku su jeru a gefe ɗaya, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu. Jagora ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai a mirgino majinyacin wajensu lokaci guda kamar gungumen itace, kai da wuya da baya duk a layi ɗaya. Wani ya tura katakon ta bayansa, a sake ƙirgawa, a mayar da shi a hankali. Daga nan a naɗe zani ko rawani a tokare gefen kansa biyu, a ɗaure ƙirji da ƙugu da ƙafafu a jikin katakon, sannan goshi, amma kada ɗaurin ƙirji ya takura numfashi.

Wajen ɗagawa, masu ɗauka su tsuguna bayansu a miƙe, su tashi tare da ƙarfin cinya, su yi tafiya da gajeren taku. Idan mai taimako shi kaɗai ne kuma wuta na matsowa, ya kama rigar majinyacin ta kafaɗu, ya tallafe kan majinyacin a kan hannuwansa, ya ja shi a miƙe ta wajen kai.

Motar da za ta kai shi asibiti ta zama wadda zai kwanta a miƙe a cikinta, kamar a-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujerunta. Babur da keke mai ƙafa uku ba su dace ba. Idan amai ya taso a hanya, a karkata katakon gaba ɗaya, kada a juya kan shi kaɗai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, saboda haka da isa sai a shaida wa ma'aikata lokacin da hatsarin ya auku, da yadda aka same shi kwance, da ko ya suma a hanya.