Yadda Ake Tarbar Kundin Waƙoƙin Da Aka Daɗe Ana Jira

Masu sauraron kiɗan rok ba su da yawa a Maraɗi, amma duk fadar da ta tara biyu ko uku daga cikinsu, ranar da wata ƙungiya ta saki sabon kundi bayan shekaru tana shiru, shayi kan huce ana gardama. Wannan ya ce sun dawo da ƙarfinsu, wancan ya ce gara da sun yi zamansu, alhali in aka bi diddigi babu wanda ya saurari kundin daga farko har ƙarshe. Akwai hanyar da mai sauraro zai bi domin hukuncinsa ya zama nasa ne, ya kuma iya tsayawa a kansa in an ja da shi.

Aikin yana farawa ne tun kafin a kunna komai. Ka binciki abin da ya sami ƙungiyar a tsawon shekarun da ta ɓace, domin sau da yawa sunan ne kaɗai bai canja ba. Ƙungiyar Guns N' Roses ta Amurka ta saki kundayenta biyu na Use Your Illusion a 1991, daga nan masoyanta suka zauna jiran cikakken kundi na sababbin waƙoƙi har watan Nuwamba na 2008, lokacin da Chinese Democracy ya fito. A tsakanin nan Slash, makaɗin gitar da mutane da dama suka so ƙungiyar saboda shi, ya fice a 1996, abokin kiɗansa Duff McKagan ya bi bayansa a 1997, har ya zamana mawaƙin ƙungiyar, Axl Rose, ne kaɗai ya rage cikin mutum biyar ɗin da suka yi kundin farko a 1987. Duk wanda ya kunna wannan kundi yana jiran jin hannun Slash, ransa ya ɓaci tun daga waƙar farko, kuma shi ya jawo wa kansa. Haka Linkin Park: jagoran waƙarta Chester Bennington ya rasu a Yulin 2017, kuma da kundinta From Zero ya fito a Nuwamban 2024 da muryar sabuwar mawaƙiyarta Emily Armstrong, masoya sun riga sun rabu gida biyu tun kafin su ji shi. Sanin irin wannan tarihi yana nuna maka abin da ya kamata ka sa rai da shi, da abin da ya riga ya wuce.

Bayan haka ka tabbata abin da ke wayarka shi ne ainihin kundin. Mu a nan waƙa takan zo ne ta hannun aboki, ko ta WhatsApp, ko daga masu tura waƙoƙi a katin memori a kasuwa, kuma kafin ta iso an matse sautinta, an birkita jerin waƙoƙin, wani lokaci ma an cusa wata tsohuwa a ciki. Akwai kuma waɗanda ake sacewa kafin a gama gyara su, kamar waƙoƙi tara na Chinese Democracy da wani ya baza a intanet watanni kafin fitowar kundin, har maganar ta kai ga kama shi. Tun 2015 akasarin kamfanonin waƙa na duniya ranar Juma'a suke sakin sabon kundi, saboda haka ka tanadi megarka tun ranar Alhamis, ka ɗauko shi daga shafin ƙungiyar ko wata manhajar sauraro da aka sani, ka duba adadin waƙoƙin da jerinsu. In shafin ya ƙi buɗewa kada ka ɗora wa layinka laifi nan take: a Fabrairun 2013, da ƙungiyar My Bloody Valentine ta saki kundinta bayan shekara 22, shafinta na intanet ya durƙushe saboda cunkoson masu nema.

Lasifikar waya ba ta dace da wannan kiɗa ba ko kaɗan. Tana haɗiye amon manyan ganguna da na gitar nan mai kaurin murya, ta bar maka kururuwar sama kawai, sai ka ce kundin hayaniya ne. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau ko lasifika babba, ko da aro ne. Lokaci ma a zaɓe shi: bayan sallar isha'i, sa'ad da zafi ya sauka, ƙarar kabu-kabu ta ragu. Ka kuma ware isasshen lokaci, domin Fear Inoculum na ƙungiyar Tool, wanda ya fito a Agustan 2019 bayan shekara 13, ya kai kusan minti 80, kuma akasarin waƙoƙinsa kowace ta haura minti goma. Wanda ya saba da waƙar minti uku zai gaji kafin mawaƙin ya buɗe baki.

Sauraron kansa sau uku ya kamata a yi shi, kuma a nan ne akasarin mutane ke gazawa. A karo na farko ka bar shi ya tafi daga farko zuwa ƙarshe, ba tsallakewa, ba komawa baya, ba leƙa abin da wasu ke faɗi a Facebook. Kada ka amince da abin da ka ji a wannan dare, mai daɗi ne ko marar daɗi, domin shekarun jira sun riga sun gina maka wani kundi a cikin kanka, kuma da shi kake auna wanda ke kunnenka. Washegari ka sake, amma ka bi abu guda: ko ganguna kawai, ko gita, ko kalmomin waƙar in kana jin harshen. A nan ne akan gano cewa waƙar da ta yi kama da shirme jiya tana da tsari. Karo na uku kuwa sai bayan kwana uku ko huɗu, kuma kafin shi ka saurari tsohon kundin da ya sa ka ƙaunaci ƙungiyar. Ni a ganina wannan shi ne mataki mafi wuya, saboda tsohon kundin yana manne da ƙuruciyarka, da abokan makaranta, da fadar da yanzu ta watse, kuma babu makaɗin da zai iya mayar maka da waɗannan. Dole ka rarrabe kewar zamani da ingancin kiɗa.

Ba sai an je Turai ba a ga yadda makaɗi ke canjawa. Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da murya mai gyaran na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka yaɗu. Wanda ya tsaya a nan, in ya ji Afrique Victime na 2021 da rugugin gitarsa, zai rantse wani mutum ne daban. Shekara 13 ke tsakani, daidai da jiran da masoyan Tool suka yi.

Sai bayan wannan duka za ka karanta ra'ayin jama'a, kuma da taka-tsantsan. Waɗanda ke fara magana a sa'o'in farko, ko dai masu tsananin so ne da ba sa ganin aibi, ko waɗanda suka yi fushi tun kafin fitowar kundin. Ciniki ma ba hujja ba ne. Fear Inoculum ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin kundaye na Billboard a Amurka, Songs of a Lost World na ƙungiyar The Cure ya yi haka a Birtaniya a 2024 bayan shekara 16, amma cinikin makon farko yawan masu jira yake nunawa, tun da an saya ne kafin a san abin da ke ciki.

In an zo gardama a fada, ka kama suna: wace waƙa, wane minti, me gita ta yi a wurin. In babban yaya ne ya ce duk aikin banza ne, ba sai ka ja da shi ba. Ka ce, "Yaya, don Allah a sake kunna ta biyar mu ji tare," domin galibi a nan ake gane wanda ya saurara. Ka kuma bar wa kanka damar canja magana bayan wata guda ko shekara. Slash ɗin nan da aka yi ta kuka da rashinsa ya koma Guns N' Roses a 2016, ya kuma riƙa kaɗa waƙoƙin Chinese Democracy a dandamali, a gaban mutanen da suka yi shekara takwas suna cewa kundin ba na ƙungiyar ba ne.