Yadda Kasuwar Intanet Za Ta Bi Da Mai Sayar Da Aikin Da Ba Nasa Ba

Duk kasuwar intanet da ke karɓar kaya daga hannun jama'a tana cin la'ada a kai, ko ba daɗe ko ba jima za a kawo mata kayan sata. Littafin da marubuciya ta yi watanni tana rubutawa, wani ya sauya masa bango da suna ya ɗora a rabin kuɗi. Zanen surfanin da aka tsara wa keken aiki, ko darasin bidiyon da malami ya naɗa, sai a wayi gari a gan shi a shagon wani. Masu kasuwa da yawa sun ɗauka goge shafin kayan shi ne hukunci, alhali wanda aka goge wa kaya da safe, kafin la'asar ya buɗe sabon shago da sabon suna. Abu biyu kawai mai satar fasaha ke tsoro a hannun mai kasuwa: a san ko shi wane ne, kuma a riƙe masa kuɗi. A kan waɗannan ake gina sauran matakan.

Tun daga bakin ƙofa

Kada a buɗe wa kowa shago da lambar waya da imel kaɗai, domin layin waya ba ya wuyar samu. A Najeriya a nemi lambar NIN ko BVN, sannan a tabbatar sunan da ke kan asusun bankin da za a riƙa tura kuɗi ya yi daidai da sunan mai shagon. Wanda ya ce asusun yayansa ne ko na matarsa, a ce mai asusun ya zo a yi rajista da sunansa. Dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta wajabta wa kasuwanni karɓar shaidar ɗan kasuwa da bayanan asusunsa kafin ya fara ciniki. A Amurka ma tun Yunin 2023 dole ne a tantance duk wanda ya yi ciniki 200 da kuɗinsu ya kai dala 5,000 cikin wata goma sha biyu. Ƙaramar kasuwa mai sayar da fayiloli kada ta jira ciniki ya kai haka, ta tantance tun daga na farko.

Sabon mai shago kuma kada a biya shi a ranar da aka sayi kayansa. A riƙe kuɗin kwana 14, har sai ya yi wata uku ba a kawo ƙorafi a kansa ba, sannan a rage. Kayan sata a makon farko suke yin kasuwa, saboda arha, kuma yawanci a makon ne labari ke kai wa mai abin. In kuɗin ya riga ya fita, sai dai a bi sawun iska.

Wurin ɗora kaya, a sa mai shago ya zaɓi ɗaya cikin uku: aikina ne, ina da izinin mai shi a rubuce, ko kuwa babu mai haƙƙi a kansa. Wanda ya zaɓi na biyu ya ɗora takardar izinin nan take. A ajiye ranar da sa'ar da fayil ya shigo.

Takardar ƙorafi

Ƙorafi ya bi ta hanya ɗaya tak, wato fom da ke ƙasan kowane shafin kaya. In aka bari yana zuwa ta WhatsApp ɗin mai kasuwa, yau saƙon murya gobe hoton fuskar waya, wanda ya fi ɗaga murya ko ya san wani shi za a fara saurara, kuma ranar da magana ta je kotu babu abin nunawa. Fom ɗin ya nemi cikakken sunan mai ƙorafi da hanyar samunsa, aikin da yake cewa nasa ne da inda asalinsa yake, adireshin shafin da yake tuhuma ɗaya bayan ɗaya, matsayinsa (mai aikin ne ko wakili), da furucin cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, da sa hannu. Wanda ya rubuta "duk kayan shagon nan nawa ne" a mayar masa ya jero su.

Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, kuma a shekarar ce kasuwar intanet ta eBay ta kafa shirinta na karɓar ƙorafin masu haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta kawo irinsa: in sanarwa ta zo a rubuce, mai shafin ya sanar da wanda ya ɗora kayan, ya janye su ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma ba shi damar mayar da martani. Dalilin da zai sa mai kasuwa ya ɗauki abin da muhimmanci a fili yake. A shari'ar kamfanin kayan ado na Tiffany da eBay a 2010, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce sanin cewa akwai jabu a kasuwa gaba ɗaya bai isa a kama mai kasuwa ba, sai in ya san takamaiman kayan ya ƙyale. Daga lokacin da aka nuna masa shafin ya ci gaba da karɓar la'ada, ya kama hanyar zama ɓarawon zaune.

Cikin awa 24 a ɓoye shafin, kada a goge shi. Gogewa tana tafiya da hujja da tarihin ciniki da ra'ayoyin masu saye, kuma in ta bayyana mai shagon ne da gaskiya, ba za a iya mayar masa da su ba. A daskarar da kuɗin wannan kayan kaɗai, sauran cinikinsa ya ci gaba.

Gano mai gaskiya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Wanda ya riga ɗorawa ba lalle shi ne mai abin ba. Marubuciya tana iya shekara tana sakin labarinta shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, wani ya tattara ya riga ta kawo shi kasuwa. Kwanan watan da ke jikin fayil ma ba hujja ba ce, ana sauya shi cikin minti ɗaya. Haka kuma kada a ce sai mai ƙorafi ya kawo takardar rajista: haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an yi aikin an ajiye shi ta hanyar da za a iya gani ko ji, rajistar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ke yi ta ganin dama ce, tana ƙara ƙarfin hujja kawai.

Abin da za a nema daga ɓangarorin biyu shi ne abin da mai kwafi ba zai taɓa mallaka ba, wato sawun aikin kafin ya kammala. Mai zane ya kawo fayil ɗin da yake aiki a kai, wanda rubutu da hoto da launi ke rarrabe hawa-hawa, domin mai kwafi hoto ɗaya shafaffe yake da shi. Mai hoto ya kawo na asali daga kyamara, tare da waɗanda ya ɗauka kafinsa da bayansa a wuri ɗaya. A gargaɗe shi kada ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi ta kuma cire bayanan kyamarar. Marubuci ya kawo tsofaffin kwafe masu gyare-gyare, ko littafin da ya fara rubutawa da hannu. Mai zanen surfani ya kawo fayil ɗin manhajar da ya tsara zanen a ciki, tunda fayil ɗin DST da ake zuba wa keke jerin ɗinki ne kawai, kowa na iya kwafarsa daga filashi.

Sannan a duba kurakurai. Mai kwafi yana sauya suna da bango, amma ba ya zama ya karanta shafi ɗari uku. In an tarar da kuskuren rubutu iri ɗaya a wuri ɗaya cikin littattafan biyu, ko sunan tauraruwar asali ya ɓullo a tsakiyar babi inda aka manta ba a sauya ba, magana ta ƙare.

Ba kowane kamanni ba ne sata. Doka tana kare yadda aka zuba abu, ba ta kare tunanin da ke bayansa. Labarin auren dole ko na kishiyoyi ba na kowa ba ne, haka sunan littafi shi kaɗai. Aska takwas da aska biyu da dagin Arewa gadon jama'a ne, wanda ya fara ɗora su a kasuwa bai mallake su ba. Abin da zai iya cewa nasa ne shi ne fayil ɗin da ya zauna ya tsara, da yawan ɗinkinsa da jerin zarensa. In fayilolin biyu sun zo da adadin ɗinki ɗaya da jeri ɗaya, kwafi ne. In kowa ya tsara nasa, a bar su su yi gasa a farashi.

Akwai kuma rigimar da ba ta mai kasuwa ba ce: marubuci da wanda ya buga masa, ko abokan aiki biyu da suka ɓata. A dokar Najeriya, sayar da haƙƙi ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya sai a rubuce yake inganta. Wanda ya ce "ai na biya shi" a tambaye shi takarda. In kowa na da tasa takardar kuma sun ci karo, a bar shafin a ɓoye da kuɗin a riƙe, a nuna musu hanyar hukumar ko Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan shari'a.

Martani da ƙorafin ƙarya

A aika wa mai shago abin da aka ce a kansa, a ba shi kwana bakwai ya kawo hujja. In ya yi shiru, a tabbatar da hukunci. In ya kawo, a miƙa wa mai ƙorafi tare da wa'adi. A Amurka ana mayar da kaya tsakanin ranakun aiki 10 zuwa 14 in mai ƙorafi bai shigar da ƙara ba, dokar cinikin intanet ta Sin da ta fara aiki a 2019 kuwa kwana 15 ta ba shi. Kowanne aka ɗauka, a rubuta shi a sharuɗɗan kasuwa tun farko, bayan lauya ya duba ya dace da dokar ƙasar. Lambar NIN da adireshin gidan mai shago kuwa ba a miƙa su ga mai ƙorafi sai da umarnin kotu, saboda dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Fom ɗin ƙorafi makami ne, kuma abokan hamayya sun sani. Mai sayar da zanen katin gayyata yana iya tura ƙorafi a kan wanda ya fi shi ciniki ana saura mako biyu Sallah, ya san ko an wanke shi daga baya, kasuwar ta wuce. Saboda haka a tantance mai ƙorafi kamar yadda ake tantance mai shago, a kuma ajiye masa lissafi. Ƙorafi biyu da suka tabbata na ganganci ne, a daina ɓoye kaya da maganarsa sai an gama bincike. In yana da shago, a dakatar da shi. Dokar Turai ta tanadi dakatar da masu yawan ƙorafi maras tushe, ta Sin ta ninka diyyar da mai mugun nufi zai biya.

Abin da na'ura za ta iya

Kowane fayil a ciro masa lambar shaida ta SHA-256, wato lambar da na'ura ke lissafowa daga abin da ke cikinsa. Wannan tana kama kwafin da ba a taɓa ba, amma harafi ɗaya aka sauya lambar ta canza. Don hotuna a ƙara da lambar da ke auna kamanni, wadda ba ta ruɗewa in an rage girma ko an ɗan sauya haske. Don rubutu a yanka shi gungu-gungu na kalmomi biyar a jere, a ga kashi nawa ya yi daidai da abin da ke rumbu. A rubutun Hausa sai an fara daidaita haruffa: wani ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wani k' da d' da b', wani bai sa komai ba, ga kuma haɗe kalmomi irin "dan Allah" da "danAllah". In ba a mayar da su bai ɗaya kafin gwaji ba, na'ura za ta ce littattafai biyu ne daban. Kuma duk abin da ta kama, mutum ne zai duba kafin a taɓa shagon kowa, domin addu'o'i da karin magana da gaisuwar buɗe littafi suna maimaituwa a ko'ina.

Mai maimaitawa

A ƙirga laifin da ya tabbata, ba ƙorafin da ya shigo ba, kuma kaya goma da aka kama a rana ɗaya a ɗauke su laifi ɗaya. Na farko gargaɗi a rubuce, na biyu dakatarwa, na uku rufe shago. YouTube ma uku take ƙirgawa, kowanne yana faɗuwa bayan kwana 90 bisa sharuɗɗanta. A kasuwar da kuɗi ke shiga hannu kai tsaye, shekara guda ta fi dacewa. Wanda ya ƙirƙiro takardar izinin bogi ba ya cikin wannan lissafi, a rufe nan take. Rufewar ta hau kan lambar shaidarsa da asusun bankinsa, ba kan sunan shago ba, a kuma sa lambobin fayilolin a jerin waɗanda ba za su sake shiga ba.

Kuɗin da aka riƙe a mayar wa masu saye, sai in mai aikin ya yarda a rubuce a bar musu kwafin a ba shi kuɗin, wanda sau da yawa ya fi masa amfani tunda fayil ɗin ya riga ya sauka a wayoyinsu. La'adar da kasuwa ta ci a kan waɗannan cinikayya ita ma ta bi kuɗin duk inda suka tafi, a kuma aika wa kowane mai saye saƙo da adireshin shagon mai aikin na gaskiya.