Idan Apache da MySQL suka cinye RAM ɗin sabar

Ƙaramar sabar mai RAM 2GB, irin wadda ake ajiyewa a ofishin makaranta ko na ƙungiyar manoma a yankin Ringim ko Ɗambatta, ranar cunkoso take sanƙarewa. Apache, manhajar da ke miƙa wa baƙi shafukan intanet, da MySQL, mai ajiye bayanai, su ne ke cinye RAM ɗin. A kashe a kunna, kafin la'asar ta koma gidan jiya.

Fara da `free -m`, ka duba lambar da ke ƙarƙashin `available`, ba `free` ba, domin Linux na aron wurin da ba a amfani da shi ne, ya mayar idan an buƙata. Sannan `dmesg -T | grep -i killed`. In ka ga sunan mysqld, wato MySQL, wuri ne ya ƙare, Linux ya kashe mafi girma. Ana yawan ɗora wa MySQL laifi a nan, alhali Apache ne ya cika ɗakin.

Layukan mysqld barkatai da kake gani a `htop` ba sabar da yawa ba ne, zaruruwan abu ɗaya ne da ke amfani da RAM guda. Danna babban H su ɓace.

Apache mai tsarin prefork yana buɗe yaro guda, wato wani kwafin kansa, ga kowane baƙo, kowane yaro da PHP a cikinsa. A Ubuntu an bar `MaxRequestWorkers`, iyakar adadin yaran, a kan 150. A ce kowane yaro na cin 40MB: 6,000MB ke nan a na'ura mai 2,048MB. Ga kuma matsalar ƙauye: inda sabis ke da rauni, waya takan daɗe tana jan shafi ɗaya, yaron kuma yana tsaye yana jiranta, sai su yi ta taruwa.

Auna abin da kowane yaro naka ke ci da `ps -C apache2 -o rss`, lambobin a KB suke. Ware wa MySQL kamar 500MB, tsarin kansa 300MB. Ragowar, kamar 1,200MB, ka raba da abin da yaro ɗaya ke ci; in 40MB ne, ka samu 30. Sa wannan lamba a matsayin `MaxRequestWorkers` a `/etc/apache2/mods-available/mpm_prefork.conf`, ka mayar da `MaxConnectionsPerChild` daga 0 zuwa 1000 don a riƙa sauya yaran da suka kumbura. `KeepAliveTimeout` ya sauko daga 5 zuwa 2. Gwada da `apache2ctl configtest` kafin `systemctl restart apache2`. Baƙo na 31 zai ɗan jira a layi, kuma gara haka da kowa ya rasa.

A MySQL, `max_connections` na zuwa a 151. 40 ya isa, muddin ya ɗara adadin yaran Apache, in ba haka ba za ka ga "Too many connections". `innodb_buffer_pool_size` na farawa a 128MB, kada ka wuce 256MB a irin wannan na'ura. Shawarar nan ta a ba shi kashi 70 cikin 100 na RAM, ta sabar da MySQL ke zaune shi kaɗai ce.

Ƙara swap na 1GB, wato wuri a faifai da ake aro idan RAM ya cika, don ko-ta-kwana. In `vmstat 5` na nuna `si` da `so`, wato shige da fice na swap, suna motsi ba tsayawa, sake rage yaran.