Asabar ɗin ƙwallo a garin jami'a a Amurka

Idan ka sauka a garin jami'a tsakanin Satumba da Nuwamba, ka sani ranar Asabar ta ƙwallo ce, irin tasu mai siffar ƙwai wadda ake runguma a ruga da ita. A manyan jami'o'i da yawa koci ya fi shugaban makarantar albashi, kuma abin ya samo asali ne daga mutane irin su Amos Alonzo Stagg.

Stagg ya fara horarwa a 1890 a makarantar YMCA (ƙungiyar matasa Kiristoci) ta garin Springfield, inda James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891. Da aka fara buga sabon wasan a bainar jama'a a 1892, har da Stagg cikin 'yan wasa. A shekarar ya koma Jami'ar Shikago, ya riƙe ƙungiyar ƙwallonta har 1932, ya kuma kai musu wasan ƙwallon kwando. A 1896 jami'o'in Shikago da Iowa suka kara a ƙwallon kwando da mutum biyar-biyar, tsarin da ake bi har yau. Da aka yi masa ritayar dole yana da shekara 70, bai zauna ba, ya tafi Kalifoniya ya ci gaba da horarwa. Ya mutu a 1965 yana da shekara 102.

Wasan ƙwallo mai siffar ƙwai bai da wuyar ganewa. Mutum 11 kowane ɓangare, dama huɗu a ci yadi 10, kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6, buga ta tsakanin sanduna maki 3. Minti 60 ne a agogo, amma saboda yawan tsayawa yakan wuce awa uku. Nan sababbin zuwa suke rasa la'asar da magariba, musamman a Nuwamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar a jihohin arewa. Ka yi alwala tun daga gida, don filaye da dama ba sa barin wanda ya fita ya dawo. Tikiti galibi a waya yake, ka cika cajinta. Jaka kuma sai ta leda mai nuna abin da ke ciki.

Kafin wasa ana gashi a wuraren ajiye motoci, kuma za a gayyace ka da zuciya ɗaya. Ka je, amma ka tambayi irin naman, tsiran alade da giya sun yi yawa a wurin. Ko ba za ka kallo ba, ka gama cefane ranar Juma'a, ka duba allon titinku, don ana janye motocin da aka bari inda aka hana, kuma karɓowa da tsada.